Alamar da Malam Ya Juya

Malam yana da wata ɗabi'a tun muna lakwal, wato makarantar boko. Yana cikin yin lissafi a kan tablo, babban allon aji, sai ya sa alamar ragi inda ya kamata ya sa ta ƙari, ya ci gaba da rubutu kamar ba abin da ya faru. In ya kai ƙasa ya ja layi, ya kakkaɓe allin hannunsa, ya juyo yana kallonmu. Kowa ya kwafe abin yadda yake, don wa zai ce wa Malam ya yi kure? Ni ne mai rawar kan da ke ɗaga hannu. Ba don na fi kowa kai ba. Akwai wata yarinya a bencin gaba da ta fi ni nesa ba kusa ba, amma ita ta iya bakinta. Ni kuwa abin ƙaiƙayi yake yi mini har sai na faɗa. Sai Malam ya murtuke fuska ya ce, "Taho ka gwada mini." In na nuna, ya miƙa mini allin, ya koma bayan aji ya zauna a wurina.

Shi ne mutum na farko da na gani da ordinater, wato kwamfuta, a Gaya, wani tsohon ordinater mai ƙatuwar ƙeya da ya sayo a Kwatano. Da kansa ya koyi rubuta masa umarni, abin da muke kira kod, daga littattafan da ƙura ta ci. Ni ya fara koya wa. Shi ya matsa wa mahaifina har aka bar ni na tafi Yamai karatu, kuma da na dawo na tarar ya yi ritaya ya kama wani ɗaki a saman shagon mai sayar da taya kusa da tasha, yana rubuta wa masu manyan motoci lojisiyel, wato manhaja, da zai riƙa gaya musu inda kayansu suke, tun daga bakin teku har su haye gadar da ke iyakarmu da Benin su fita daga duwan, wato kwastan. Ya ba ni tebur. Bayan ƴan shekaru kuma ya ba ni ɗiyarsa.

Tun ranar da aka ɗaura auren nan abubuwa suka sauya, kuma ba wanda ya ce a sauya su. Na daina cin abinci a gabansa. Na daina kallon tsakiyar idonsa. In na je gidansa, tun daga zaure nake cire takalmi, in durƙusa nesa da tabarmarsa. Sunansa na yanka ya fita daga bakina, har in wani mai irin sunan ya zo biro, wato ofis ɗinmu, sai in ce masa "mai sunan Baba". Na juya teburina ya fuskanci taga don kada mu riƙa haɗa ido. Haka uwata ta tarbiyyantar da ni, haka na ga ubana yana yi wa kakana, kuma ban taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba. Aiki yana tafiya. Shi yana rubuta nasa, ni ina rubuta nawa, in an haɗa ya yi aiki, shi ke nan.

Mu uku ne masu rubutawa. Ta ukun wata Bafulatana ce daga Yelu, siririya, mai baki kamar reza. Malam kuwa Ba'are ne, kuma kowa ya san tsakanin Arawa da Fulani ba a jin haushi. Da safe in ta shigo, maimakon gaisuwa sai ta ce, "Bawana, ka share biron?" Shi kuma ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Wa ya buɗe garke?" Ni ina can fuskar taga ina danne dariya.

Wahalar ta fara ne lokacin da wani kamfanin sufuri na Yamai ya ɗauki aikinmu. Suka haɗa mu da wata mata da ke kula da irin waɗannan ayyuka a wurinsu, muna ce mata Madam. Ba muguwa ba ce, mace ce mai tsari, kuma ta taɓa ƙonewa da masu rubuta kod a baya. Sharaɗinta ɗaya ne: duk abin da mutum ya rubuta, ba zai shiga cikin lojisiyel ba sai wani ya karanta ya amince. Ta kawo mana abin da za mu yi wannan aiki da shi, wani shafi da muke buɗewa a ekaran, fuskar ordinater. Ka gama rubutunka, ka miƙa shi a can. Mai dubawa ya bi layi-layi, duk inda ya ga kure ya manna masa tike, ya rubuta abin da ya gani. Tiken yana ɗauke da sunan wanda ya gani da sunan wanda ya yi kuren. Ja ne har sai an gyara, mai dubawa ya sake kallo ya yarda, sannan ya zama kore. Ba a goge shi. Kowa yana gani, mu da Madam da duk wanda ke sama da Madam.

A takarda abin ba shi da laifi, kuma gaskiya ya taimaka. Kafin zuwansa, in na ga matsala a rubutun Bafulatana sai in gaya mata a wurin shan shayi, ta ce to, mu biyu mu manta, sai wani mai mota ya kira yana kumfar baki. Mu a nan waya ba ta da ƙasa ɗaya. Direba yana kan gada, rezo, wato sabis na waya, ya yi tsalle daga namu zuwa na Benin, in iska ta kaɗa ma ya kamo na wajen Kamba, saƙo ɗaya ya shigo sau biyu, lojisiyel ya ce mota ta iso sau biyu. Irin waɗannan ƙananan abubuwa tike ya hana su ɓacewa. Amma wanda ya ƙera shafin nan bai taɓa auren ɗiyar abokin aikinsa ba. Ranar da aka fara, na ga rubutun Malam ya faɗo a gabana, da wani ɗan akwati yana jiran in zaɓi sunansa in rubuta laifinsa a ƙasa. Na tashi na sauka ƙasa, na tsaya wurin mai taya ina kallon yadda ake ba taya iska.

Bafulatana ce ta raba gardamar, ba tare da an yi zama ba. Ta ce, "Bar mini bawana, ni ka kiwonshi." Daga ranar duk abin da Malam ya rubuta ita ke dubawa, ni ina duba nata, Malam yana duba nawa. Tikenta abin karantawa ne. Ta fara da Faransanci mai kyau don Madam, ta bayyana kuren dalla-dalla, sannan ta ƙare da Hausa: "Ko saniyata ba ta yin wannan." Malam ya gyara, ya amsa a ƙasa: "Saniyar taki ita ta koya miki karatu." Wani lokaci ma ba ita ta ga kuren ba, ni ne na hango shi na raɗa mata a matakala. Ita ta rubuta, ita ta sha zagi, ita ta rama. Na lura a wannan zamani Malam yana zuwa biro da wuri. Abu na farko da yake yi kafin ya ajiye butarsa shi ne ya buɗe shafin ya ga abin da ta manna masa. In ya tarar da ja, sai ya gyara zama yana murmushi, ya ce, "Yau kuma da mi ɗiyar makiyaya ta zo?"

Sai aka rufe gada. Ba sai na gaya wa mutumin Gaya yadda garin ya zama ba. Motoci suka yi layi a gefen hanya har ciyawa ta tsiro ƙarƙashinsu. Masu abinci a tasha suka rage tukwane. Mai tayar da ke ƙasanmu ya koma zaman kallon titi. Kaya dai ba su daina motsi gaba ɗaya ba, sai suka koma ruwa: mota ta sauke a wancan ƙetare, a rarraba buhuna cikin jiragen ruwa, su haye, a sake lodi a wata motar a wannan gefe. Lojisiyel ɗinmu kuwa bai san jirgin ruwa ba. A wurinsa kaya suna shiga mota ɗaya ne su fita a cikinta. Dole muka farke shi muka fara ɗinki daga tushe, aiki ya ninka, kamfanin kuma yana kukan ba ciniki.

A cikin wannan hali Bafulatana ta sami aiki a Yamai. Ban ga laifinta ba, tana da ƙanne a wuyanta. Ranar da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa Malam, "Na ƴanta ka." Ya ce, "Tahi, Allah shi raka taki gona." Amma da ta sauka ya daɗe yana goge tabaransa. A makon ne Madam ta kira ni ni kaɗai. Ta ce ba za a ɗauki wani ba, kuma shugabanninta suna tambaya ko aikin nan yana bukatar mutum biyu. Ta ce, "Tsohon naku, har yanzu hannunshi na da kyau? Zan riƙa kallon tike." Ba ta faɗi fiye da haka ba, ni ma ban bukaci ƙari ba. Na gane kujerar Malam ce ake aunawa, a ɗakin da shi ya kama, kan aikin da shi ya ƙirƙira.

To hannun nasa ya fara gazawa, wannan ita ce gaskiya. Idonsa ya rage, yana matso da fuska har kusan hancinsa ya taɓa ekaran. Tunaninsa yana nan garau, in ya zana maka yadda buhu zai bi daga mota zuwa jirgi zuwa mota, ba za ka sami inda za ka sa allura ba. Amma wurin rubutawa sai ya manta wani ɗan abu: jirgin da ya juyo da kaya saboda iska, direban da ya sauya a hanya, lambar mota ta Benin da ba ta da tsarin tamu. Ƙananan abubuwa, irin waɗanda kowa ke yi. Da Bafulatana na nan, da tike biyu da zagi uku sun wadatar. Yanzu kuwa akwatin nan ni yake kallo.

Na gwada bi ta hannun matata. Bayan cin abinci na kwashe kewaye-kewaye, na ce ko za ta shiga gida ta ɗan shaida wa Baba cewa akwai wani wuri a rubutunsa da ke son a sake dubawa. Ta ajiye kwanon da take wankewa ta dube ni. "In tahi in ce ma ubana mijina ya ce ya yi kure? Kai ka ji daɗin maganar a bakinka?" Ban ji ba. Na kira Bafulatana, ta yi dariya ta ce an riga an cire ta daga shafin, kuma ita ta bar kiwon Arawa. Sannan ta sassauta murya ta ce, "Rubuta mishi mana. Malam ne hwa." Na ce to. Ita ba ta taɓa durƙusa masa a zaure ba.

Ga abin da na koma yi. Malam ya miƙa rubutunsa da safe, in karanta, in danna kore ba tare da tike ko ɗaya ba. Bayan azahar yana tafiya gida ya huta, lokacin da rana ke dukan kwanon rufin ɗakin nan har kujera ta yi zafi, kuma sau da yawa a lokacin ake ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Sai in zauna da abin da ya rage a batir, in bi rubutunsa in gyara, in shigar da gyaran da sunana, in sa masa take mara laifi kamar "share-share" ko "daidaita tsari". Nawa aikin kuma ya jira. Ina yin aikin mutum biyu, ina kuma yin na uku, wato ɓoye na biyun. A shafin Madam, layin Malam kore ne shar, ba ɗigon ja. Nawa kuwa ja ya yi masa yawa, don shi bai daina duba ni ba, kuma gajiya ta sa kurena ya ƙaru. Tikensa gajeru ne, irin na mai jan alƙalami: "Sake dubawa." "Ina jirgin da ya juyo?" Ina karantawa in ji kamar in yi kuka, in ji kamar in yi dariya.

Na gaji a wannan lokaci irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Ina jin haushin shafin da ba shi da ƙofar baya, ba shi da inda za ka ja mutum gefe. Ina jin haushin Madam da take zaton kore yana nufin lafiya. Har Malam ina jin haushinsa, da bai ce wa kansa ya isa ba, ya bar ni ina tallafe da shi ba tare da ya sani ba. In na koma gida, yara su zo da littattafansu in kore su. Matata ta ce na zama kamar mai tayar ƙasanmu, jiki a zaune, ido a titi.

Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne Malam ya daina zuwa da sassafe. Yana shigowa ya ajiye buta, ya shimfiɗa buzunsa a kusurwa, ya sha shayi, sai can ya buɗe shafin. Ba ya gyara zama. Wata rana na ji shi yana magana, ba da ni ba, da tagar da ke gefensa: "Ikon Allah. Mutum shina tsuhwa, hannunshi na ƙara kyau." Na yi kamar ban ji ba. Wani abu kuma da na sani amma na ƙi tunawa, shafin nan ba ya mantuwa. Kowane layi yana nuna wanda ya taɓa shi a ƙarshe. Duk wanda ya buɗe rubutun Malam na makon jiya zai ga sunana a jere a gefe, kamar sawun akuya a gonar da aka ce ba a shiga ba.

Ranar da abin ya zo, damina ce, an kwana ana ruwa, titin tasha duk caɓi. Malam ya miƙa wani ɗan guntun rubutu, wanda ke ƙidaya buhunan da suka haye kogi. Gajere ne, tsaf, ba abin da ya manta, har jirgin da ya juyo yana ciki. Sai a tsakiya, inda za a ƙara buhunan jirgin da ya iso a kan waɗanda suka riga suka iso, na ga alamar ragi. Ita kaɗai, a fili, ba ta ɓuya ba. Yaron da ya fara koyo jiya ba zai yi wannan ba.

Na daɗe ina kallonta. Na san alamar nan, na girma da ita. Zuciyata ta ce tablo ne, ya juyo yana kallon aji. Amma wata zuciyar ta ce, in fa ba haka ba ne? In idon ne ya kai nan, ko kan ne ya fara zubewa? In na manna ja a kan kure irin wannan, da sunansa a sama da nawa a ƙasa, Madam za ta gani kafin la'asar, kuma ba ta yi aji da mu ba balle ta san wasan. Za ta ga tsoho ya kasa bambance ƙari da ragi. Ko da kuwa gwaji ne, me zan rubuta? Da wane baki? Yaron da ke ɗaga hannu ba shi da suruki. Gaba kura, baya sayaki. Ina jin numfashinsa a bayana, ina jin ƙarar cokali a kofin shayinsa, bai taɓa madannai ba tun da ya miƙa rubutun.

Na buɗe akwatin tike. Har na rubuta gaisuwa. Na goge. Na rubuta "Baba", na ga yadda kalmar ta zauna a shafin da mutanen Yamai ke karantawa, na sake gogewa. Aka kira azahar. Ya tashi ya ɗauki buta, ya tsaya a bayana ɗan lokaci, har na ji ƙanshin turarensa. Ban juyo ba, don ba na juyowa. Ya sauka. Na danna kore, na mayar da ragi ƙari, na rubuta "share-share".

Washegari ya zo da wuri, irin zuwansa na da. Bai ajiye buta ba ya buɗe shafin. Ina kallon inuwarsa a gilashin taga. Ya matso da fuska, ya daɗe, sannan ya ja baya ya cire tabarau. Ya gama duba wani rubutuna da ke jira, ya manna mini tike ɗaya, na gyara, ya mayar da shi kore. Da azahar ya naɗe buzunsa, abin da bai taɓa yi ba, don kullum a kusurwa yake barinsa. Ya ɗauki kofinsa ma. A bakin ƙofa ya ce, "Sai an jima," na ce, "A sauka lafiya, Baba." Da la'asar Madam ta kira ni tana mamaki. Ta ce tsohon ya buga mata ya ce zai koma gonarsa ta shinkafa a Tunuga. Ta ce, "Ni kuwa na gama gaya ma shugabanni a bar shi. Mutumin da ba ya da ja ko guda!"

Bai yi fushi da ni ba, ko in ce bai nuna ba. Ya ci gaba da aiko wa jikokinsa rake da kifi. Da aka yi girbi muka je gaishe shi ni da matata. Muka tarar da shi ƙarƙashin giginya a bakin masussuka, ya yi baƙi, ya rame, amma da ƙarfinsa. Na cire takalmi na durƙusa daga nesa, muka gaisa, ya tambayi aiki na ce alhamdu lillahi. Matata ta zauna kusa da shi tana yi masa ƙorafin ya bar inuwa ya zo yana shan rana da tsufansa. Ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ɗebi shinkafa a tafin hannu yana hurawa, ya ce mata, da muryar da ya san za ta iso inda nake:

"Nan in na yi kure, gona na hwaɗa mini. Can kuwa, cikin ajin nan duka yaro guda ne ka ɗaga hannu. Na ba shi ɗiya, na rasa shi."

Matata ta dube ni. Ni ina kallon ƙasa, inda ya kamata suruki ya kalla. Na so in ce don kujerarsa na yi, na so in ce na gane alamar tun kallon farko. Ba a yin irin wannan magana da uban matarka, kuma ko da ana yi, ban ga wadda za ta yi masa daɗi a cikin biyun ba. Aka kawo fura, na ce na ƙoshi.

Yanzu ni ne babba a ɗakin saman shagon taya. Kamfanin ya yarda an ɗauko matasa biyu da suka gama karatu a Doso, masu ladabi, suna ce mini Shef, suna karɓar jakata a matakala. Shafin yana nan yadda yake, ja da kore. Ni ma na sa tabarau bara. Da farkon zuwansu suna ɗan manna mini tike, da gaisuwa a sama da ban haƙuri a ƙasa. Kwanan nan na lura rubutuna yana wucewa kore tun kafin in gama shan shayi, kuma in na dawo daga hutun azahar nakan tarar ɗayansu bai tafi cin abinci ba. Na san inda ake dannawa a ga wanda ya taɓa layi a ƙarshe, ban danna ba. Sau da yawa yatsana yana tsayawa a kan alamar ragi, inda ya kamata a sa ƙari, in daɗe a haka. Har yau ban juya ta ba.